Romon Ƙashi a Miyar Likita

Anti, don Allah ki agaza mini kafin Asabar, na jefa kaina a rigimar da ban san ta inda zan fita ba.

Mijina mahauci ne, shekara ashirin da bakwai yana tsaye a bayan teburinsa a kasuwa. A gidanmu ko ciwon kai mutum ya ce yana yi, romo ake fara ba shi kafin magani. 'Yarmu ta uku, da muke kira Likita saboda likitancin dabbobi take karanta, wata huɗu ke nan da ta ce ta daina cin nama, har ƙwai da madara. An kai su wata babbar gona koyon aiki, ta ga kaji a keji ko fiffike ba sa iya buɗewa, ta kuma ga an sauke shanu daga mota bayan kwana biyu ba ruwa. Ba ta ce haramun ne ba, ita dai maƙogwaronta ya ƙi. Babanta ya yi kwana uku yana kumbure-kumbure, wai an mai da shi azzalumi a gidansa, shi da ba ya yanka dabba sai ya ba ta ruwa, ba ya ko wasa wuƙa a gabanta.

To ni a sanina, wanda ya bar nama tsoka ya bari. Sai na ci gaba da dafa miyata da ƙashi da ɓargo yadda na saba, in ta nuna in tace mata nata, in zuba wake da karas da kabeji. Wallahi makon farko ban san laifi nake yi ba. Ranar da na ji tana gaya wa yayarta ko romo ba ta sha, na gane abin da nake yi, amma a lokacin suɗe kwano take tana cewa duk duniya ba mai miya irin Mamanta. Ga ta dama ba jiki, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta. Na ɓoye mata gaskiya, ban kuma daina ba.

Yanzu ta je ta cika ƙawayenta uku, masu irin ra'ayinta, da labarin miyata. Asabar za su zo da littafin rubutu, su tsaya a kicin daga yankan albasa har sauke tukunya. Sau biyu na gwada ba ƙashi a ɓoye, babanta ya ɗanɗana ya tambaya ko ruwan wanke-wanke ne. Shi yanzu abin dariya yake ba shi, wai in ce musu sirrin gado ne. Ni kuwa kunya ce ta ishe ni, yarinyar nan ba ta taɓa ɓoye mini komai ba. Ina tsoron ranar da zan miƙa mata kwano ta tsaya tana shinshinawa. In faɗa mata, ko in kwanta ciwon ƙarya ranar Asabar?

Matar mahauci

Maman Likita, na yi dariya har da hawaye, sannan na tausaya miki. Ciwon ƙarya dai a cire shi. 'Yarki likita ce, ko ta dabbobi ce za ta gane lafiyarki ƙalau.

Makon farko kuskure ne. Sauran makonnin yaudara ce, ko da ƙauna ce ta jawo ta. Ki faɗa mata yau, ku biyu a ɗaki, ba a gaban babanta mai dariya ba. Kada ki fara da cewa ta rame. Ki faɗi abin da kika yi da ranar da kika gane, ki nemi afuwa. In ta yi fushi ko kuka, ki ƙyale ta, wata huɗu tana ganin tana cika alkawarin da ta yi wa kanta.

Maigidanki sana'arsa halal ce, mutane yake ciyarwa, kuma tausayinsa ga dabba abin yabo ne. Ita ma Likita ba iyayi take yi ba. Abin da ta gani yana faruwa, kuma wanda wahalar dabba ta hana shi haɗiye loma bai cancanci dariya ba. Ta raka babanta wajen masu kawo masa shanu wata rana, za su ga abu ɗaya ne ke damun su. Batun rama kuma, ta ga likitan mutane ya gaya mata abin da jikinta zai rasa da yadda za ta cike shi.

Kada a fasa Asabar. Ki ware mata tukunya da ludayi, ki soya albasa har ta yi ja, ki gasa tumatir, ki sa tafarnuwa da citta, ruwan dafuwar wake ya tsaya a madadin romo. Miyar ba za ta kai ta ƙashi daɗi ba, wannan ki sani tun yanzu. Amma ita za ki iya miƙa wa 'yarki kina kallon idonta. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa gidanku albarka.