Ruwan Mijin Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan ƙalau, sai kewarki.

Kin ce in riƙa ba ki labarin gida, to ga shi. Mijin Auta ya zama Dakta. Kada ki tambaye ni makarantar da ta ba shi. Mutumin da muka sani da sayar da cajar waya, ya kwana ya tashi da gilashi a ido. Ya kafa wani farin akwati mai shuɗiyar fitila a shagonsa, wai duk ruwan da ya bi ta ciki yana fitowa da ƙarin ilektaron, yana wanke jini, yana narkar da hawan jini. Har layi ake yi da jarkoki.

Ranar Asabar ya same ni a falon Baba ina duba takardun jarrabawa. Ya harɗe ƙafa, wai tunda kemistiri nake koyarwa, in fito a bidiyonsa in ba da shaida. Na ajiye jan biro na tambaye shi inda ƙarin ilektaron ɗin zai zauna. Na zana masa abin da ’yan ajina ke zanawa ido a rufe: kowane atom yana da cibiya, ilektaron na kewaye da ita hawa-hawa, hawan farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas. Oksijin yana da shida a hawan waje, saura biyu. Haidirojin biyu suka zo, kowanne da guda, aka yi tarayya, kowa ya cika. Ruwa ke nan. Gida ya cika, babu ɗakin baƙo.

Yaya, ya kalli takardar nan irin kallon da akuya ke yi wa allon talla. Daga nan ya gyara gilashi ya ce ai wannan tsohon ilimi ne, nasa na zamani ne. Auta na gefe tana gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Ni na koya wa yarinyar nan wannan darasi da kaina, aure ya wanke shi tas.

Abin da bai yi mini daɗi ba, ya ajiye wa Baba jarka kyauta.

Ki shafa mini kan yara.
Ƙanwarki,
’Yar Alli

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗi da ciwon bayan ya yi sauƙi. Kin ce in bi shi a hankali, suruki ne. Saurari abin da surukin ya yi.

Auta ta zo ɗakina ba na nan, ta ɗauki farar rigata ta ɗakin gwaji da kwalin ƙwallayen robar nan da nake haɗawa da tsinke ina nuna wa ɗalibai yadda atom ke riƙe atom. Ban sani ba sai da na shiga aji na tarar ana ƙunshe dariya. Ga Dakta a waya, cikin rigata, hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, ga ƙunar asid ɗin nan a aljihu wadda duk makarantar ta sani. Ya ɗaga samfuri sama yana cewa ga ruwa. Samfurin gishiri ne, Yaya. Ko bambancin bai gani ba. A gishiri sodiyam ne ke sallama ilektaron guda, kulorin ya karɓe, sai su manne wa juna; a ruwa kuwa tarayya ake. Ɗalibar da ta fi kowa barci a ajina ma ta gane. Har ya liƙa wa abin wasu ƙwallaye da cingam, wai su ne ƙarin.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis, don iyaye sun fara tambaya ko da hannuna a ciki. Shekarun da na yi ina shaƙar alli, yau ni ce ke rantsuwa a kan shirmen mai sayar da caja.

Wannan duk mai sauƙi ne. Na ɗaga matashin Baba na ga ƙwayoyin hawan jininsa cikin ledarsu, ko ɓallewa ba a yi ba. Dakta ya ce masa ƙwaya tana cinye ilektaron. Na yi magana har muryata ta dushe. Baba ya ce jikinsa ya yi sakayau, Inna kuma ta ce in rufa wa Auta asiri, mace ba ta tsinka surukin gida a gaban mutane. Wato a bar jahili ya yi ta tuƙa mu don yana da sunan miji.

Don Allah ki kira Baba. Ke yana jin maganarki.

Taki har kullum,
’Yar Alli

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma fata hankalinki ya ɗan kwanta tun bayan wayar da muka yi. Ga yadda abin ya faru, tunda a waya kuka ya hana ni.

Baba ya sunkuya zai sa takalmi a bakin ƙofa, sai ya kife. Likita ya ce jinin ne ya hau ya taɓa ɓarin hagu. Hannun ba ya riƙe kofi, magana kuma sai an kasa kunne sosai.

Kin san wa ya zo dubiya da jarka biyu? Dakta mana, ya tsaya a bakin gadon yana bayyana wa nas cewa tsohon bai sha yadda aka ƙayyade masa ba ne. Nas ɗin ta nuna masa ƙofa da biro, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ban taɓa ƙaunar baƙuwa haka ba.

Daga asibiti na wuce shagonsa da sukundireba. A gaban masu layi na kwance bayan akwatin. Ƙwan fitila ne guda, da ɗan injin da ke hura kumfa a tankin kifi, da tiyo. Shi ke nan ilimin zamanin. Wasu suka sauke jarkokinsu suka tafi, wasu suka ce hassada ce irin ta dangin mata. Shi kuwa ya aiko wai zai kai ni ƙara don na ɓata masa suna. Na ce a faɗa masa ina jira, alƙali ma ya yi sakandare.

Auta ta dawo mini da rigata a wanke, a goge. Na karɓa na rataye ta. Tana wurin Baba tun ranar da ya faɗi, ita ke juya shi, ita ke ba shi ƙwayar a kan lokaci. Inna ta daina zancen rufin asiri.

Jiya da hantsi Baba ya motsa baki yana neman ruwa. Auta ta miƙe za ta ɗebo, sai ya kama gefen mayafinta da hannun mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito, amma duk ɗakin mun ji ta sarai. Cewa ya yi, na famfo.

Ki taho in kin samu hali, Baba yana ta kallon ƙofa. A gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
’Yar Alli