Inna, Dabinonki Ya Yi Huda

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, a cikin sunan Ubangijinmu. Da kina nan, da na tambayi kwanan gida da ƙafar nan taki mai ciwo. Amma inda kike babu ciwo, don haka bari in tafi ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna, dabinonki ya yi huda. Kuma mace ce.

Na san halinki, ba kya son a fara miki labari daga tsakiya.

Kin tuna gardamarku da Baba a kan alkawarin sabuwar sama da sabuwar ƙasa? Da ita muka tashi a ƙauyenmu na bayan Kiyawa. Kowace Lahadi in an taso daga sujada, kafin a zuba abinci, sai kun taɓa. Baba, da yake dattijon ikilisiya ne, ya kafe a kan cewa duniyar nan ƙurmus za ta ƙone, ko tsinke ba zai ragu ba, sannan Allah ya halicci wata daga farko. Ke kuwa ba ki musa zuwan wuta ba, amma kin ce irin ta sassabe ce: ta cinye ƙaya da kututture, gona tana nan tana jiran ruwa. Kikan ce, "Wanda ya yaba aikin hannunsa ba zai kai shi juji ba."

Har a nazarin Littafi na ranar Laraba maganar ta raba mutane. Maza suna bayan Baba, zumuntar mata tana bayanki, fasto kuwa sai ya ce kowa dai ya zauna a shirye, ya yi maza ya rufe da addu'a. Baba yana kiranki fasto marar albashi. Ke kuma, da ba kya faɗar sunansa, kika laƙaba masa Mai Ashana. Ban taɓa ganin kun kwana da fushi a kan wannan ba.

Wata shekara kin dawo daga kasuwar Dutse da dabino a bakin zane. Muka cinye, kika tsince ƙwallo ɗaya kika binne a gefen gona kusa da rijiya. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce duniyar da ake shirin ƙonawa kike yi wa shuka, shukar ma ta ƙwallo, wadda sai an shekara da shekaru kafin a san namiji ne ko mace. Kika ce, "In ban ci a nan ba, na ci a can." Kika kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, kina jan guga kina ɗingishi kina ba shi ruwa.

Ba ki ci a nan ba, Inna.

Bayan rasuwarki Baba ya zama wani mutum daban. Maganar da a da yake tsokanarki da ita, ita ya mayar tabarmar kwanciya. Ya bar wa Yaya Bulus gona, ya daina fita ko ƙofar gida. A kai masa tuwo, a ɗauko tuwo. In an yi magana ya ce, "Me ya rage? Duk toka ce." Mun kawo shi asibiti nan Dutse, aka duba aka ce ba a ga komai ba. Na ji tsoro ƙwarai. Ina kallonsa yana bin bayanki a hankali, kuma ba ni da abin da zan riƙe shi da shi.

Watan jiya na je gida ranar Asabar. Da hantsi sai ga sallamar Malam Haruna, maƙwabcinmu na gona, mai makarantar allo, wanda kike aika wa iyalinsa abincin Kirsimeti suna aiko mana da naman layya. Ya zauna a zaure kusa da Baba, ya ce ya leƙa ta kan iyaka ya ga dabinon marigayiya ya buɗe huda, mace ce. Ya ce in ba a aurar da ita a 'yan kwanakin nan ba, 'ya'yan bana ba za su yi albarka ba. Ni sai ranar na san cewa ana yanko hudar namiji a cusa a cikin ta macen a ɗaure. Ya kwance wani ƙyalle, ga silin hudar da ya yanko daga lambunsa. Ya ajiye a gaban Baba ya ce, "Ni dai na kawo ango. Ɗaurin aure kuwa sai waliyyin amarya."

Baba bai ko murmusa ba. Ya ce a ba Bulus. Yaya Bulus kuwa yana Kano, ba a san ranar dawowarsa ba.

Da Malam ya tafi, na ce to ni zan yi. Na buɗe ƙyallen na ga hudar duk ta yi buɗu-buɗu da wani farin gari. 'Yarki 'yar birni, sai na ce bari in ɗauraye ta tukuna, kada in kai wa shukar Inna datti. Na ɗebo ruwa a kwano ke nan sai na ji tsawa a bayana.

"Ke! Rifkatu! Garin nan ai shi ne aikin!"

Inna, rabon da in ji muryar Baba ta tashi haka tun kina da rai. Ya fizge ƙyallen daga hannuna yana faɗa, wai an kai yara boko an dawo da su ba su san hagu da dama ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Sai ya ce in miƙo masa takalmansa.

Mun daɗe a hanya, yana dogara sanda yana hutawa. Itacen bai wuce kafaɗarsa ba. Ya buɗa ganyen a hankali, ƙaya ta soke shi a hannu bai kula ba, ya cusa silin ya ɗaure da kaba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sai na yi abin da na san ke za ki yi. Na ce, "Baba, ba kai ka ce duk za ta ƙone ba?"

Ya ce, "Har gobe ina kan bakana. Amma in aka je aka tarar uwarki ce da gaskiya, da wane ido zan dube ta in ta tambaye ni dabinonta?" Daga nan ya ce in jawo masa ruwa a rijiya.

Da yamma ya cinye tuwonsa, ya kuma ce miyata ba ta ji daddawa ba kamar taki. Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Yanzu kullum da safe yana gona. Larabar da ta wuce an ce ya koma nazarin Littafi, ya tayar da gardamar nan sabuwa fil, matan zumunta suka yi masa ca. Ni ban san wanda ya yi daidai a cikinku ba. Ke yanzu wataƙila kin sani, kin kuma yi shiru kin bar mu da shi.

'Ya'yan sun fara fitowa, ƙanana kore shar. Baba ya ce in sun nuna, na fari na Malam Haruna ne. Sauran kuma kowa ya ci, amma kada wanda ya yar da ƙwallo. A tara masa. Mai Ashana zai yi shuka, Inna.

Allah ya ƙara miki hutawa a wurinsa. Ya ja mana kwanan Baba har ya ɗanɗana abin da kika shuka. Ko sabuwar duniya ce fil, ko wannan ce aka wanke, Allah ya tara mu a cikinta gaba ɗaya, ke da ƙafarki garau. Amin.

Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Rifkatu, daga Dutse.