Furen Wardi a Ɗa'ifa

Jarwal, Makka.

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya ƙafar taka?

Idanun maiɗakina Hajiya Rabi kullum ƙara dushewa suke yi. Ta roƙe ni in kai ta Ɗa'ifa lokacin furen wardi, tun tana da sauran gani. Na tsara tafiyar a takarda, kamar yadda na saba a ofis, na hana a fita daga masauki sai an karya kumallo. Ashe tun asuba ake tsinke furen. Da muka isa lambun da hantsi, ganye kawai muka tarar, ga shi da azahar motarmu za ta juyo. Kunya ta rufe ni.

Mai lambun ya dube ta, ya ce, "Tafaddali, ya Hajja," wato bismilla, Hajiya. Ya kai mu ɗakin da ake tara furen kafin a dafa shi a yi turare. Ta durƙusa, ta cika tafukanta, ta kai dab da fuskarta.

Na shiga ba ta haƙuri, sai ta ce mini, "Malam, bar ba ni haƙuri. Da a jikin itacen yake, da ban gan shi ba. Nan kuwa ga jansa ina gani."

Ku taya mu roƙon Allah Ya bar mata abin da ya rage. A gaishe mini da Inna Asabe da yara.

Yayanka,
Sulaimanu