Ƙyallen Tagar Inna

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Legas? Ina Anti Larai da yara? Mu nan Samaru lafiya, sai tarin Inna da ya ƙi sauƙi.

Ka tuna Tanko maƙwabcinmu, mai babbake ganda da wutar tayar mota? Da na roƙe shi ya daina, cewa ya yi tsufa ke damun Inna, ba hayaƙinsa ba. Ban yafe ba.

Ranar Asabar a laburare aka koya mana gwada iskar da muke shaƙa: a shafa wa farin ƙyalle basilin, a rataye a taga kwana uku. Na tagar Inna ya koma kamar gindin tukunya. Da malamar ta liƙa shi a allo, na ɗauki biro na rubuta sunan Tanko a ƙasa. Matan Sabon Gari masu sayen gandarsa sun gani, sun watse.

Jiya ya aiko a ba ni haƙuri. Na ce ya ba huhun Inna.

Ka taya ta da addu'a, ka gaida kowa. Na rataye ƙyalle na biyu, wannan mai unguwa zan kai wa.

Ƙanwarka,
Ladi