Audugar da Na Aiko Maka Ikko

Maigidana Sambo, kafin gaisuwa canki wannan: mene ne maƙwabci zai ara ya tafi da shi har abada, mai shi kuma bai rasa komai ba?

To, ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya baƙunta? Mu nan Ƙarfi lafiya lau, dawa ta shiga rumbu.

Madugu Tanko ya sauka ranar kasuwa. Ya ce duk ka rame wajen koyon Ingilishi, wai kalmominsu tagwaye ne: wannan tana nufin hamada, 'yar'uwarta kayan zaƙi, kunne kuwa ba ya raba su. Wai ma wurin Faransawa suka samo su. Babarka na jin haka ta fashe da kuka: "Iya, bakinsa zai juye, ya kasa Fatiha!" Nan take ta tura ni wurin Malam a yi rubutun da zai wanke maka Turancin tas.

Ni kuwa na san da shi kake cin abinci. Sai na ce, "Malam, na kaifin ƙwaƙwalwa muke so." An tsoma auduga a rubutun an shanya, ga ta nan hannun Madugu. Ka jiƙa ka sha, kada ka tona ni, mummuna.

Amma ka ji tausayinta. Ka rubuto Fatiha da hannunka ta gani, hankalinta ya kwanta.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen zango.

Kakarka Yalwa.

Abin da ake aro ɗin nan kuwa, kalma ce.