Sani yana maganar komawa Turai

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidan da yara? Yaya ƙafar Inna? Mu nan Gwagwalada lafiya, sai dai raina ba daɗi.

Maganar ƙaninmu Sani ce. Na'urarsa mai zane da hasken leza ta fara aiki. Tambari take bugawa, ɗan mitsitsi, sai da madubin likita ake ganinsa. Nufinsa a riƙa sa shi a kwalin magani don a gane jabu.

Jiya wani Alhaji mai kamfanin magunguna ya zo gani, na je taya Sani tarbarsa. Ya leƙa, ya yaba, sannan ya ce, "Dakta, guda nawa take bugawa kafin azahar?"

Sani ya ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe, in ba a ɗauke wuta ba."

Alhaji ya yi dariya. "Ai kafin nan mai jabu ya cika mota ya kai Kano!"

Tun da Alhajin ya fita Sani yake maganar komawa Turai, wai can ake da masu haƙurin jira. Ni na matsa masa ya dawo gida, yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. A sa shi a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bala