Dariyar Gwaggo Tasalla

Litinin, 6 ga Yuni, 1988

Mutanen gidan talabijin sun zo Falgore daga Kano, a farar mota. Hedimasta ya fiddo ni daga aji, wai shiri za su yi a kan ungozomomi, ni ce kuma ’yar Tasalla. Na ce ’yar wanta dai. Ya ce ai ita ta riƙe ki, duk ɗaya ne.

Babbansu sunansa Ɗanmaliki, mai fara’a, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo. Ya ce so suke birni ya ga irin hidimar da iyayenmu mata ke yi a karkara. Gwaggo ta ce, “To me zan sa?” Ita damuwarta ke nan.

Cikina ya shiga wata na biyar. Ta dube ni ta ce in daina ɗaure zani da ƙarfi, ai ba wanda nake ɓoye wa.

Laraba, 8 ga Yuni

Yini guda a gidan Gwaggo. Mai ɗaukar murya, Sulle, ya fi ba ni mamaki. Sanda ce doguwa a hannunsa da wani abu mai gashi a kanta, ga wata na’urar saurare a kunnuwansa. Ba ya kallon mutum, saurare kawai yake yi. Ya ɗauki ƙarar ƙofar ɗakinta. Ya sa ta goga reza a bakin tasa har sai da ta gaji. Wani jariri na kuka a maƙwabta, ya bi katanga ya ɗauko. Na tambaye shi amfanin wannan, ya ce, “Malama, ido yana gani ne kurum. Kunne ke gaya wa zuciya abin da za ta ji.”

Ɗanmaliki ya tambaye ta ko akwai jariran da suka mutu a hannunta. Ta ce, “Allah kaɗai ya san yawansu, ɗana. Amma ba wanda na manta. Duk na san iyayensu mata, kuma ba na sallah ban sa su a addu’a ba.” Har na yi ƙwalla.

Can wata kaza ta yi tsalle ta hau kan mai kyamara. Gwaggo ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Kowa ya yi.

Alhamis, 9 ga Yuni

Sun tafi. Gwaggo ta ba su gyaɗa a ƙwarya.

Asabar, 13 ga Agusta

An nuna shirin. Bayan magariba, a tsakar gidan hedimasta, talabijin a kan benci an jona da batirin mota. Maza a gaba, mu mata ta bayan turmi. Gwaggo ba ta zo ba, an kira ta haihuwa a Unguwar Lado.

Ban san yadda zan rubuta ba.

Kafin a ga komai, ganga aka fara ji. Mai kauri, bugu ɗaya, a yi shiru, a sake bugu. Ba wanda ya kaɗa ganga ranar, ina wurin. Sai ƙofar ɗakinta ta buɗe da wannan ƙara, amma an ja ta ta yi tsawo. Hoton ya yi duhu, alhali da hantsi aka ɗauka. Sai muryar wani mutum, wanda bai taɓa taka garin nan ba, a hankali kamar mai sanar da rasuwa: “A wannan ɗaki ake shiga da rai biyu. Nawa ke fitowa?”

Reza. Kukan jaririn maƙwabta. Sai kukan ya yanke tsaf.

Aka nuno fuskar Gwaggo, ta cika akwatin. “Allah kaɗai ya san yawansu.” Nan suka yanke. Ba iyaye mata, ba addu’a. Sai dariyarta. Dariyar kaza! Ba kazar.

Daga baya wani likita ya yi bayanin a riƙa dafa reza, a kai mata awo. Magana mai kyau. Ba na jin wani ya ji ta. Da aka tashi ba wadda ta ce mini sai da safe, in ban da Hajjo matar hedimasta, ita ma ba ta dube ni ba.

Lahadi, 14 ga Agusta

Na same ta tana shanya ganyen runhu. “An ce an ga ni. Na yi kyau?”

Na ce kin yi kyau, Gwaggo.

Laraba, 17 ga Agusta

Na bi gida-gida ina ba da labarin kazar. Suna cewa “Allah sarki,” suna gyaɗa kai. Laure mai ƙosai ta ce, “Ni ma na san Tasalla, ita ta yanke wa ’ya’yana duka cibiya. Amma Rabi’atu, wannan dariya… tsigar jikina har yanzu tashi take.” Na ce ai kin sha jin dariyarta. Ta ce, “Ban taɓa jin ta haka ba.”

Maigidana ya ce in bari, kwana biyu za a manta.

Juma’a, 26 ga Agusta

Sun maimaita shirin. Wannan karon har daga Rogo Ruma an zo kallo.

Yara sun koyi gangar. In ta wuce sai su riƙa yi da baki, dum… dum. Na kama biyu ’yan ajina na zane su, duk da ana hutu. Ita ta ɗauka wasa ne, har tana taka musu rawa.

Talata, 6 ga Satumba

Mun je awo Karaye. A bakin tasha sai ga Sulle da sandarsa, sun zo ɗaukar manoman gyaɗa. Da ya gan ni ya so ya kauce. Na tsaya a gabansa, ko gaisuwa ban yi ba, Allah ya yafe mini.

Ya ce shi ɗauka kawai yake yi, a wani ɗaki ake haɗawa. Wai da aka haɗa na farko, manya sun ce ba wanda zai ji tsoro, in kuwa ba a ji tsoro ba ba za a daina amfani da tsohuwar reza ba. Gangar daga wani tsohon kaset aka ciro ta. Na ce kun yi mata ƙarya. Ya ce, “A ina? Ta faɗi maganar. Ta yi dariyar. Ƙofarta ce.” Ya ƙara da cewa, “Jere su kawai aka yi.”

Duk hanya maganarsa nake ta juyawa a raina.

Asabar, 17 ga Satumba

Jaririn Unguwar Lado ya rasu, wanda Gwaggo ta karɓi haihuwarsa ranar da aka fara nuna shirin. Zazzaɓi ne, damina ce, bana yara nawa suka tafi. Amma ana ta cewa “a daren nan fa.”

Ta je gaisuwa. An ce da ta shiga, matan suka janye yaransu, uwar ta juya fuska bango. Wata ta faɗi kalmar a fili. Mayya. Ba zan rubuta sunan wadda ta faɗa ba.

Lahadi, 18 ga Satumba

Yanzu ta sani. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta ce, “Me na ce a cikin akwatin?” Na gaya mata duka. Ta ce, “Da ke a wurin, ai.” Na ce da ni. Ta ce to shi ke nan, tunda akwai wanda ya ji sauran.

Ta share ɗakin da zan yi jego, ta sayi sabuwar reza tana cikin takardarta, ta nuna mini. Itacen wanka ma ta tara. Ita kaɗai ta tara, ba wanda ya taya ta.

Alhamis, 29 ga Satumba

Khadijatu matar Bilya ta yi kwana biyu tana naƙuda, gidansu na kallon na Gwaggo, ba su kira ta ba. Sai da ta galabaita aka nemi mota. An ceto uwar, ɗan bai zo da rai ba. Yanzu cewa ake yi aikin Gwaggo ne, haushin ba a kira ta ba.

An jefa dutse a kan rufin ɗakinta. Ta daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin ba kowa.

Uwar maigidana ta aiko wai haihuwar fari a asibiti ta fi. Na ce wa ’yar aiken a gidanmu zan haihu. Na faɗa da ƙarfi.

Asabar, 1 ga Oktoba

Na yi mafarkin ƙofar nan. Shirme.

Laraba, 5 ga Oktoba

Mun taho Karaye, gidan yayar maigidana. Saboda hanya ne, in ruwa ya sauko ba mota. Na ce a gaya wa Gwaggo. Da sassafe muka fito, ban so in tashe ta ba.

Litinin, 17 ga Oktoba

Namiji. Lahadin waccan, a asibiti, lafiya lau. Jiya aka yi suna.

Gwaggo ta zo. A bayan akori-kura, da ƙullin yaji da daddawa a ka. Ta rame. Mata suka yi tsit da ta yi sallama, ni na tashi na kamo hannunta, kowa ya gani. Ni na miƙa mata shi da kaina. Ta duba cibiyar ta ce sun iya yanka. Ya kama yatsanta, ta yi dariya, ’yar kaɗan, sai ta dubi mutane ta rufe bakinta da mayafi.

Ba ta ce mini don me ba. Ta ce in riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. Ba ta kwana ba.

Da ta tafi na ce wa maigidana ya yi wa yaron tofi. Kowane jariri ana yi masa. Na sake masa riga, don ta sha ƙurar mota.

Yajin yana bayan randa. Ƙamshinsa irin na gida, ba wadda ta kai ta iya dakawa. Ban ci ba tukuna. Cikina ne bai daidaita ba.